Kejin kifi a tabkin Tabalak: ɗiyata ta ce in fara duba abin da ya samu teku

Mai Tarwaɗa, Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai gare ta, ku yi haƙuri da ni.

Shekara huɗu ke nan ina kiwon tarwaɗa a bayan gidana nan Tawa. Kwami biyu ne na siminti, kowane ina zuba masa kifi ɗari biyar. Ba wata babbar harka ba ce, amma da ita nake biyan kuɗin lakwal na yara, kuma mata masu suya na unguwarmu sun san ƙofata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ruwa. In na kwana biyu ban sauya ba, sai ya yi kore shar, ya fara wari, da asuba ka tarar da kifin sun taso sama suna haki. In na buɗe bututun ƙasa, abin da ke fara fitowa baƙi ne ƙirin, mai kauri kamar kunu, kashin kifi ne da ragowar abincin da ba su ci ba. Da tiyo nake jan shi zuwa gindin zogale da lemun tsami, su kam suna son shi ƙwarai. Sai dai kuɗin famfo duk wata yana tafiya da babban rabo na ribar.

Watan jiya wani abokina da muka yi ƙuruciya tare ya dawo daga Abijan da ɗan abin hannunsa. Ya nuna mini bidiyo a waya: keji manya-manya masu zagaye a cikin teku can ƙasar Norwe, kifi kamar tururuwa, babu mai sauya ruwa, babu takardar famfo. Ya ce mu haɗa kuɗi mu yi ƙaramin irinsa a tabkin Tabalak, da gangunan roba da taru. Kilomita 50 ne daga nan bisa hanyar Agadas, ga ruwa Allah ya ajiye. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, lissafi nake ta yi, washegari har na je na taya ganguna.

Ɗiyata babba, wadda ke karatu a jami'ar nan ta Tawa, ita ta kawo mana ruwan shayi, ta ji abin da muke cewa. Ba ta tanka ba sai da baƙo ya tafi. Ta ce, "Baba, baƙin ruwan ga da kake kaiwa gindin zogale, in kejin yana tsakiyar tabki, ina za shi?" Na rasa amsa. Ta ce ko can tekun da aka nuna mana, abin bai ƙare lafiya ba, in tambayi waɗanda suka sani.

To ga ni na zo. Shin gaskiya ne kiwon kifi cikin keji yana ɓata teku, duk girman teku? Ta wace hanya? In kuma ya iya taɓa teku, yaya za a ƙare da tabki? Kuɗin abokina gumin shekara bakwai ne a ƙasar mutane, ba na so in sa shi ya zuba su a ruwa. Kuma ba na so in ɗauki alhakin masunta da makiyaya da masu lambu da ke ci daga tabkin nan.

Tsohon Gandun Daji, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta kama maganar daga tushe. Aikin ruwa da gandun daji na yi har na ajiye, kuma tabkunan jihar Tawa na zagaya su da ƙafata.

Kifin da kuka gani salmon ne, wani kifi da ke haihuwa a kogi ya girma a teku. Wajen rabin wanda ake kiwo a duniya daga Norwe yake fitowa, kuma keji guda doka ta yarda a zuba masa har kifi 200,000. Amma bidiyo saman ruwa yake nunawa. Wuraren da suke kafa kejin nan lunguna ne na teku tsakanin duwatsu, wasu zurfinsu ɗaruruwan mita, ruwan da sanyi, kuma sau biyu a rana yana cika yana janyewa. Duk da haka abin da kake gani a ƙasan kwaminka shi ke taruwa a ƙarƙashin kejinsu. Kashi da ragowar abinci su nutse, ƙwayoyin halitta su hau ruɓar da su, su shanye iskar oksijin da ke ƙasa, taɓon ya koma baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙananan halittun da ke zaune cikinsa su mutu ko su ƙaura. Shi ya sa aka wajabta musu auna taɓon, kuma in sun kwashe kifi sai sun bar wurin ya huta aƙalla wata biyu, kamar yadda ake barin gona saura.

Babbar masifarsu ma ba ita ce wannan ba, ƙwarƙwatar teku ce. Wata 'yar halitta ce da ke manne wa kifi tana cin fatarsa. Da ma tana nan tun fil azal, amma kifi a sake a warwatse yake, sai ta sha wuya kafin ta samu. Keji kuwa ya tara mata abinci wuri guda. Ta hayayyafa, 'ya'yanta su fice ta idon taru, su tare ƙananan salmon na sake da ke gangarowa daga koguna zuwa teku, su kashe su. Ga kuma kifin keji da ke tserewa in taru ya yage, ya hau kogi ya yi barbara da na asali, iri ya gurɓace. Tun 2017 gwamnatinsu ta raba gabar ƙasar gida 13, ta sa wa kowane yanki launi irin na danjar hanya, inda ya yi ja dole a rage kiwo. A 2023 kaɗai salmon fiye da miliyan 60 suka mutu cikin keji kafin lokacin kwasa. A 2024 sai da suka rufe koguna 33 ga masu kamu saboda ƙarancin kifin da ya dawo haihuwa. Wannan fa ƙasa ce mai kuɗi, mai doka, mai ma'aikatan da ke zuwa su ƙidaya ƙwarƙwata a jikin kifi.

A Cile, can Kudancin Amurka, shekarar 2016 ruwa ya yi zafi, gansakuka ta ɓarke, salmon fiye da miliyan 20 suka mutu. Aka ɗebi dubban tan na mushen aka zuba a teku. Ba a jima ba gansakuka mai guba ta rufe gabar tsibirin Chiloé, aka hana kamu, masunta suka ɗora laifin a kan kamfanonin, suka toshe hanyoyin tsibirin fiye da mako biyu.

Yanzu mu dawo gida. Tabalak ba shi da mafita. Abin da ya shiga ya shiga ke nan, sai dai rana ta ɗauke ruwan ta bar dattin. Ba shi da zurfin a zo a gani, kuma ka san yadda yake ja da baya a watan Afrilu da Mayu. A daidai lokacin ne ruwa ya fi zafi, ruwan zafi kuwa ba ya riƙe iska kamar na sanyi. Takin da zogalenka ke so, gansakuka ma shi take so. Da rana ta ba ruwa iska, da dare ta shanye ta, shi ya sa kake tarar da kifinka suna haki da asuba ba da la'asar ba. A kwami sai ka buɗe famfo. A tabki wane famfo za ka buɗe? Tarwaɗarka ma tana iya tsira don tana shaƙar iskar sama, karfasa da giwan ruwan masunta su za su fara juya ciki.

Ko tabkin Bolta na Gana, da duk faɗinsa, daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 wata cuta ta shiga kejin karfasa ta yi ɓarna mai yawa, don ruwa ɗaya ne ke ratsa kejin kowa. Mu nan an yi kiwon karfasa cikin keji a kogin Isa wajen Tilaberi tun shekarun 1980, amma kogi tafiya yake. Shi ɗin ma waɗanda suka girma a Yamai sun tuna 1985 da ya tsaya cik. Sannan ka sani, tun 2005 Tabalak yana cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta kare, ba wurin da mutum zai kafa abu ba tare da ya bi ta ma'aikatar muhalli ba.

Ɗan Adar, tsohon ɗan bida

Baba Gandun Daji ya faɗi abin da ke fita daga keji. Ni bari in faɗi abin da ke shiga, don shi na gani da idona.

Yaya, na yi shekara biyu a Nuwadibu, Muritaniya, ina dako a wata masana'antar garin kifi. Mutanen can moka suke ce musu, jere suke a bakin teku. Jirgi zai zo da daddare, a sa ƙaton tiyo a zuƙo kifin kamar ana zuƙar ruwa, a cika kamiyo. Ranar farko da na ga an juye, na tsaya baki sake. Na ɗauka ruɓaɓɓe ne ko kai da hanji. Ina! Kifi ne lafiyayye, idonsa garau, jikinsa na ƙyalli kamar sabon kwano, irin wanda Sanagalawa ke kira yaboy. Wanda in ka kai wa Inna guda uku za ta yi miyar da gida duka zai ci. A dafa shi, a matse man, a busar, a niƙa, ya fito gari ruwan ƙasa mu ɗura a buhu. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye kafin a samu kilo ɗaya na gari.

Warin kuwa ba ya faɗuwa. Yana shiga tufafi, yana shiga shinkafar da kake ci. In iska ta juyo cikin gari yara su kwana tari. Ruwan dahuwar da jini ta bututu suke komawa teku, bakin ruwan ya yi kumfa da maiƙo. Ni kaina da tari na dawo gida, sai da na yi wata uku ina magani.

Garin ana loda shi zuwa Sin da Turkiyya, man kuma da yawa Turai yake zuwa, har cikin abincin salmon ɗin nan na bidiyo. A 2021 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da wata takwararta sun fitar da rahoto cewa fiye da tan rabin miliyan na ƙananan kifi ake kwashewa duk shekara daga gabar Afirka ta Yamma don wannan aiki, abin da zai ci da mutum miliyan 33. Waɗanda muka yi aiki tare, 'yan Sanagal, sun ce iyayensu mata masu banda kifi yanzu ba sa iya tayawa, masana'anta ta riga su da kuɗi a hannu. Busasshen kifin nan nasu kuwa har Mali da Burkina yake zuwa. A Gambiya ma, garin Gunjur, a 2017 mutane sun wayi gari ruwan wata fadama da ke kusa da masana'anta ya koma ja, kifi da ƙaguwa a mace.

Ba mu da teku, gaskiya ne. Amma Yaya, tashi ka juya buhun abincin da kake ba tarwaɗarka, ka sa ɗiyarka ta karanta maka abin da aka haɗa.

Mai Tarwaɗa, Tawa

Na tashi na juya. Buhu ne mai kilo 15, na ƙananan kifi. Garin kifi yana cikin abubuwan farko da aka rubuta, man kifi yana ƙasa kaɗan. Shekara huɗu ina yanke bakin buhun nan da reza, ina jin ƙarninsa, ban taɓa tambayar kaina daga ina ƙarnin ya fito ba. Jikina ya yi sanyi, ƙanena.

Hajiya Mai Fatauci, Yamai

Malam, kada jikinka ya yi sanyi har ka saki sana'arka. Ni ina ganin an tsorata ka fiye da kima. Ku zo kasuwar Jamaje ta nan Yamai da safe ku ga abin da masunta ke kawowa daga kogi, ku ji kuɗin giwan ruwa. Talaka ya daɗe da komawa kifin firigo na kwali. In ba a yi kiwo ba, mi za a ci? Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ce a 2022 ne karo na farko abin da aka kiwata ya zarce wanda aka kamo, tan miliyan 94 da ɗoriya. Kiwo ya riga ya zauna, maganar ita ce wane iri kuma a ina.

Ina zuwa Dakar da Banjul sarin kaya, kuma a Banjul na ga wani kiwon da bai yi kama da wanda ake faɗi nan ba. A bakin hanya mata ne zaune da tulin ɓawon kawa, wata 'yar halittar ruwa mai ɓawo biyu, kusa da su, suna sayar da naman a gwangwani. Mu ba mu saba cinta ba, amma can abinci ce. Na bi wata har bakin ruwa. Kawa tana manne wa saiwar itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri, mangurof. Ta ce da can da adda suke sare saiwar gaba ɗaya su tafi da ita, daji yana ta ƙarewa. Suka haɗa ƙungiya mai suna TRY a 2007, a 2012 gwamnati ta damƙa musu haƙƙin ɗibar kawa a dausayin Tanbi, su kaɗai. Yanzu wata huɗu suke ɗiba a shekara, sauran a bar ta ta girma. Wasu kuma sun koma huda tsohon ɓawo, su zura a igiya, su rataya a jikin sanduna cikin ruwa, 'ya'yan kawa su zo su manne da kansu. Ba buhu, ba magani, ba ko dala ta abinci. Ruwan take tacewa ta ci abin da ke ciki, babba guda in wuri ya yi mata daɗi tana iya tace fiye da lita 100 a yini. Inda take, ruwa ƙara haske yake.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, dabbar da sai an kashe kifi an ba ta, ita ce mai tsada ga duniya. Karfasa ba haka take ba, tana cin dusa da ganye da gansakuka. Tarwaɗa ma in ta tasa ba dole sai na buhu ba. Muna da tunkuza, muna da dusar shinkafa, ga jini a mahauta, ga fara a lokacinta, kuma na ji matasa sun fara kiwon tsutsar wani baƙin ƙuda don kaji da kifi.

Tsohon Gandun Daji, Yamai

Hajiya ta yi gaskiya kan kawa, in dai ta wurin ce ba baƙuwa ba. Wadda aka kawo Turai daga Japan ta bazu har ta mamaye wuraren da ba a kai ta ba. Kuma kada a haɗa ta da jatan lande don duka ɓawo gare su. Shi jatan lande, a Ekwado da Tailan da Indonesiya, dajin mangurof ɗin nan aka sare aka haƙa masa tabkuna, wurin da ƙananan kifi ke fakewa kuma yake tare wa ƙauyuka igiyar ruwa. A kudancin Bangaladash ruwan gishirin da aka jawo masa ya kashe gonakin shinkafa.

Ɗan Masunci, Tabalak

Alhaji, ni a bakin tabkin nan aka yanke mini cibi. Mahaifina har yau da kwalekwale da taru yake ci da mu. Na karanta duka, kuma na gode da ka tambaya kafin ka zo da ganguna. Amma duk lissafin da kuka kwana kuna yi da abokinka, wa kuka sa a ciki daga cikinmu? Ruwan da kuke cewa kyauta ne, raƙuma da shanu ke sha, masu lambu ke ja, mu ke su. Da rani in ya ja baya ni nake shiga har tsakiya ruwa iya ƙirji. Mun sha ganin kifi ya taso da kansa shekarar da zafi ya yi yawa, babu keji ko ɗaya. In kana son harka da Tabalak, zo ka zauna da sarkin ruwa. Muna da buƙatar 'ya'yan kifi da za a zuba bayan damina, kai kuma ka iya renonsu.

Mai Tarwaɗa, Tawa

Ɗana, maganarka ta shige ni, kuma ka yi gaskiya, ban sa ku a lissafi ba. Ka gai da mahaifinka, ka ce masa ina nan tafe, hannu biyu ba da ganguna ba.

Jiya bayan isha'i na je gidan abokina, na karanta masa abin da kuka rubuta tun daga farko. Bai ji daɗi ba. Ya ce keji biyu ba su kai su kashe tabki ba, kuma mai yiwuwa haka ne. Na ce masa in namu biyu suka yi riba, baɗi goma za a gani, kuma mu muka buɗe ƙofar. Muka yi shiru mun daɗe. Daga baya shi da kansa ya kawo maganar wani fili nasa da ke bayan gari, mai rijiya. Abin da muka tsayar shi ne kwami huɗu a can, da famfo mai aiki da hasken rana, baƙin ruwan kuma ya bi ta lambu: zogale, albasa, tumatir, yalo. Ɗaya daga cikin kwamin na karfasa ne, kamar yadda Hajiya ta ce, ko da yake masu suya sun fi neman tarwaɗa, sai na lallashe su.

Buhun nan ne har yanzu ya tsaya mini a rai. 'Ya'yan tarwaɗa a makonninsu na farko ba sa tashi da dusa, na gwada, rabi suka mutu, sauran suka cinye juna. Don haka zan ci gaba da sayen na ƙanana, ba zan yi muku ƙarya ba. Manyan ne nake so in cire daga kansa. Ɗiyata ta ce za ta riƙa auna su duk mako tana rubutawa a littafi, kwami ɗaya da abincin buhu, ɗaya da haɗin gida, mu ga tazarar da ke tsakani.

Hajiya, matasan nan masu kiwon tsutsa, a Yamai suke ko Maraɗi? In akwai wanda ya taɓa yi a nan, ya gaya mini da mi yake ciyar da ita, kuma yaya take yi da zafin watan Afrilu irin namu na Tawa.